Ɗigo Biyu Safe da Yamma

Aikina shi ne koya wa yara su gane abin da ba a rubuta ba. Da safe ina aji a makarantar firamare, da yamma kuma in shimfiɗa tabarma biyu a barandar gidanmu in yi wa yaran unguwa lesin, su goma sha ɗaya har da 'yata Auta. Haɗa baƙi da wasali kowa na iya koya wa yaro, ya yi ta rerawa kamar aku. Abin da ya sa iyaye ke kawo min nasu shi ne, in yaro ya karanta labari ya iya cewa ga abin da ya faru, ko da marubucin bai fito fili ya faɗa ba. Kullum ina gaya musu ruwa ba ya tsami banza, kowace alama da abin da ya kawo ta.

Wata yamma na rubuta musu a allo: "Tela ya kulle shagonsa da rana tsaka. Yana sauri yana murmushi shi kaɗai. A hannunsa akwai ƙaramin bargo da wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannu biyu ba." Na ce to, ina tela za shi?

Wani ya ce kasuwa. Wata ta ce guduwa zai yi don ya ɓata wa mutane ɗinki, aka kwashe da dariya, don babu gidan da tela bai taɓa yi wa alkawarin ƙarya ba. Auta ta ɗaga hannu.

"Asibiti za shi, matarsa ta haihu."

"A ina aka rubuta haka?"

"Ba a rubuta ba, Mama. Amma rigar ta jariri ce. Kuma da mutuwa aka yi ba zai yi murmushi ba."

Tana magana tana murza ido da bayan hannu. Shekararta tara a lokacin, kuma mako biyu ke nan idanunta na ƙaiƙayi, sun yi ja, da safe sai an goge mata kwantsa da ruwan ɗumi kafin su buɗu.

Mijina mai kemis ne. Shagonsa a gaban gida yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da barandar da nake lesin. Duk unguwa Dakta suke ce masa. Bai taɓa cewa shi likita ne ba, bai kuma taɓa hana kowa kiransa haka ba. A ranar, da aka tashi daga lesin, ya kira Auta, ya ɗaga fatar idonta da babban yatsa, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ya jawo durowa ya ɗauko wata 'yar kwalba mai farin murfi, ya kwantar da kanta a cinyarsa ya ɗiga mata biyu a dama, biyu a hagu.

Maganin ya yi aiki, wannan ba zan musa ba. Kwana uku ƙaiƙayi ya tafi, ido ya yi fari tas kamar an wanke shi da sabulu. Sai dai da aka daina, bayan kwana huɗu ya dawo fiye da da. Aka koma wa kwalba, ya sake tafiya. Daga nan Baban Auta ya ce tunda haka ne kada a ƙara dainawa, ɗigo biyu da safe kafin ta tafi makaranta, biyu da yamma bayan lesin. In kwalba ta ƙare sai ya miƙa hannu durowa. Yarinyar ta saba, har da kanta take zuwa ta kwanta ta buɗe ido tana jira.

Wata na uku ta fara ɓarin abubuwa. In an ajiye kofi a gefenta sai ta ture shi da gwiwar hannu. Ta buge kafaɗa da ƙofar kicin sau biyu a mako ɗaya, ƙofar da tun tana rarrafe take wucewa. Surukata, wadda ke zaune tare da mu a ɗakin ƙarshe, ta ce rawar kai ce irin ta 'yan auta, ita ma ubanta haka ya yi. Ni kuma na ce girma take yi, hannuwa sun yi mata tsawo ba ta saba da su ba. Na ma taɓa dungure mata kai a kan wani faranti da ta fasa.

Wata na biyar ciwon kai ya shigo. Ta kan dawo daga makaranta ta kwanta ta rufe fuska da ɗankwalina. Wata rana da magariba na kunna wutar baranda, ta ɗaga kai ta ce, "Mama, wa ya yi wa ƙwan nan zobe?"

"Wane zobe?"

"Ga shi nan kewaye da shi, mai launi-launi."

Na duba, ƙwan lantarki ne kawai da ƙurarsa. Na gaya wa babanta. Ya ce karatu ne ya yi mata yawa, ni ce na hana yarinya hutu. Ya ɓallo mata ƙwayar ciwon kai guda biyu ya ce ta sha ta kwanta.

Malamar ajinsu ta aiko da takarda a jakar Auta. Layi uku ne. Ta ce yarinyar ba ta ganin mai ɗaga hannu kusa da ita, in an jefa mata ƙwallo daga gefe sai dai ta ji a jiki, don Allah a kai ta a duba idonta. Na kai masa takardar shago, na jira mai sayen magani ya fita, sannan na miƙa masa. Ya karanta, ya naɗe ta, ya ƙwala wa Auta kira. Ya ɗauko kwalin wani maganin tari ya riƙe daga nesa.

"Karanta min."

Ta karanta tsaf, har ƙananan rubutun ƙasa.

"To, Malama, kin ji makauniya." Ya juyo da fuskarta wajena da hannu biyu. "Dubi idon nan don Allah. Akwai ja? Akwai kwantsa? Ko naki bai kai shi haske ba. Shekara ashirin ina wannan sana'a, wata da ko allura ba ta san yadda ake riƙewa ba za ta koya min ido?"

"Ba cewa ta yi ba ka iya ba, Baban Auta. Cewa ta yi a duba."

"Na duba. Ko ni ba mutum ba ne?" Ya sassauta murya saboda wani ya tsaya a bakin ƙofa. "Ki yi tunani mana. A ga ni da 'yata a layin asibiti saboda ƙaiƙayin ido, gobe wa zai kawo min nasa ɗan?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Na koma ciki na rubuta wa malamar amsa mai ladabi, na ce mun gode, an duba, lafiya lau.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa 'yan'uwa ko maƙwabta ba, zan faɗa a nan. A cikin kowane kwalin maganin nan akwai 'yar takarda mai ninki da yawa, wadda kowa ke yarwa. Wata Asabar ina sharar ɗaki na tsinci ɗaya a bayan gado, na zauna na warware ta. Rubutun ƙanana ne kamar ƙafar kiyashi, amma ni malamar karatu ce. An rubuta kada a wuce kwana goma ana ɗigawa sai da izinin likita. An rubuta yawan amfani da shi yana iya hawar da ruwan cikin ido ya lalata gani, musamman ga yara. Wannan ba irin darasina ba ne da ake bin alamu. A rubuce yake ɓaro-ɓaro, babu abin ganowa. Na ƙirga da yatsa, wata shida.

Na same shi yana jera kwalaye, na nuna masa wurin da yatsa. Ko karɓa bai yi ba.

"Ke ma dai. Wane magani ne ba a rubuta masa irin wannan ba? Ɗauko na ciwon kai ki karanta, za ki ga an ce yana kashe hanta. Masu kamfani ne ke kare kansu. In takarda za a bi, ko ruwa ba za a sha ba."

"Amma kwana goma aka ce."

"Wannan na wanda bai san aiki ba ne. Ni ina lura da ita kullum."

"Ko mu dakatar na mako ɗaya mu gani?"

"Mu dakatar ta koma murza ido har ya kumbura, ki dawo ki ce ban damu da 'yata ba? Malama, ki tsaya a allonki, in tsaya a kantata. Na taɓa shigowa lesin ɗinki na ce ga yadda za ki koyar?"

Surukata ta jiyo mu daga ɗakinta. Da na shiga kai mata ruwan wanka ta ce in zauna.

"Ke yarinya, ilimi ba hauka ba ne. Mutum uba ne, kuma sana'arsa ce, zai cuci abin da ya haifa? Duk garin nan shi ke yi musu magani, sai a gidansa za a raina shi? In ma akwai wani abu, bakin mutane ne. Kin sa yarinya a gaba kullum ita ce mai amsa, ita ce mai amsa, dole a sa mata ido."

Na ce to, Hajiya. Na naɗe takardar yadda na same ta, na sa a cikin littafin darasi. Na ce wa kaina in an gama jarabawar zangon nan zan ɗauke ta da kaina mu tafi, ba sai na tambayi kowa ba. Aka gama jarabawa. Na ce bari a yi hutu tukuna, asibiti ba ya son gaggawa. Aka yi hutu, yayyenta biyu suka dawo daga makarantar kwana, gida ya cika, na ce in sun koma. Ban ji tsoro ba a lokacin, ban kuma ji haushi ba. Abin ya zauna min ne kawai a ƙirji kamar abincin da bai narke ba, ina ta harkokina da shi. Da yamma in babanta na da mutane a shago, ni ce ke ɗiga mata.

Karatunta ya canza, kuma ni ce farkon wadda ta gani. A da, idonta kaɗai ke tafiya a kan layi. Yanzu kanta gaba ɗaya take juyawa, daga farkon layi zuwa ƙarshe, kamar mai kallon wucewar mota. In ta kai ƙarshe sai ta rasa inda na gaba ya fara, ta yi ta lalube da yatsa. Saboda haka ba ta gama shafi tare da sauran. Amma ko sau ɗaya ba ta faɗi tambaya ba.

Wata yamma na raba musu labari mai shafi guda, na wata tsohuwa da ke ajiye kujera biyu a ƙofar gida kullum alhali ita kaɗai take zaune. Na ba su minti goma. Ina kallon Auta, yatsanta bai wuce rabin shafin ba na ce a rufe. Na tambaya, me ya sa tsohuwa ta daina fito da kujera ta biyu a ƙarshe?

Sai hannun Auta ya tashi.

"Ta haƙura ne. Wanda take jira ba zai dawo ba."

"Me ya nuna miki?"

"An ce kullum tana kallon hanya. Kuma ke kin ce ta daina fito da kujerar. Mai jira ba ya dainawa sai ya haƙura."

Daga tambayata ta ɗauko ƙarshen labarin, ba daga takardar ba. Abin da na koya mata shi ta ɗauka ta rufe raminta da shi, ta rufe shi da kyau har babu mai gani. Wata uwa da ta zo ɗaukar ɗanta tana tsaye tana ji, ta ce, "Kai, Malama, wannan 'ya taki Allah ya raya ta. Ina ma nawa ya samu rabin kanta." Na ce amin, na gode. Na sa yara suka yi wa Auta tafi.

Bayan sun watse ta zauna tana haɗa fensiranta. Na zagaya ta hagunta a hankali, ba takalmi, na tsuguna. Na ɗaga hannu daidai kunnenta na kaɗa. Na matso da shi gaba, daidai kumatu, na sake kaɗawa. Tana ta ƙirga fensir. Sai da yatsuna suka kusa taɓa hancinta ta zabura.

"Mama! Kin ba ni tsoro. Yaushe kika zo?"

"Yanzu."

"Me kike yi?"

"Ƙuda ne."

Ta ce, "Ban ji kukansa ba." Ta ci gaba da abin da take yi. Ni kuma na tashi na naɗe tabarma. Wannan ranar Laraba ce. Na ce Litinin lallai. Litinin ta zo da taron malamai, ta bayanta kuma surukata ta tashi da ciwon ƙafa. Mako uku suka wuce haka.

Ba mu ne muka kai ta asibiti ba a ƙarshe, keke ne ya kai ta. Na aike ta sayen burodi a tsallaken titi da hantsi. Mai keken ya rantse ya yi ta buga ƙararrawa, ta juya dama ta duba, ta shigo gabansa yana tahowa ta hagunta kamar ba ya nan. Ƙashin hannunta ya karye kusa da wuyan hannu. Karaya ba ta cikin durowar Baban Auta, don haka ya rufe shago muka tafi tare.

Wanda ya ɗaure hannun wani matashin likita ne. Yana aiki yana yi mata hira, ya miƙa mata alewa ta gefe, ba ta karɓa ba. Ya sake miƙawa. Ya dube mu, ya rubuta takarda ya ce kafin mu tafi mu biya ɗakin ido, ƙofa ta huɗu.

Likitar idon babbar mace ce mai furfura a gaban goshi. Ta daɗe a kan Auta. Ta ɗiga mata wani abu, ta taɓa idon da wata na'ura, ta duba lambar, ta sake taɓawa. Ta sa ta leƙa cikin wani farin akwati, ta ba ta abin dannawa ta ce duk lokacin da ta ga ɗigon haske ta danna. Da idon hagu aka fara. Ina zaune a baya ina ganin hasken na walƙawa nan da can, yarinyar na riƙe da abin a hannunta mai lafiya tana jira a fara. Da aka zo idon dama ta danna kaɗan.

Likitar ta cire tabaranta ta ajiye.

"Akwai maganin da ake ɗiga mata?"

Na buɗe jaka na fito da kwalbar. Ta juya ta ta karanta.

"Tun yaushe?"

"Wata tara," in ji ni.

"Wata tara." Ta maimaita a hankali. "Wa ya ba ta?"

Kafin in buɗe baki Baban Auta ya gyara zama.

"Wallahi likita, kin san mata. Uwar ce ta saya a wani kemis can wajen makarantarsu, wai wata ta gaya mata yana da kyau. Ni ba mazauni ba ne, ban san abin ya kai haka ba."

Likitar ta juyo gare ni. "Me kike yi, baiwar Allah?"

"Koyarwa."

"Koyarwa. Kin iya karatu ke nan. Ba ki ga takardar da ke cikin kwalin ba?"

Na dubi mijina. Yana kallon kalandar bango kamar yana neman ranar da aka haife shi. Na dubi Auta, tana zaune a kujerar gwaji, hannu a rataye, fuskarta na fuskantar bango amma kunnenta na wajenmu. Na ce, "Na gani."

Ta yi min faɗa sosai, ban riƙe rabinsa ba. Abin da na riƙe shi ne bayanin. Maganin ya hawar da ruwan cikin idon, ruwan ya yi ta danne jijiyar gani a hankali, daga gefe yana cin ta zuwa tsakiya. Na hagu ya tafi. Na dama saura tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Za a yi mata aiki, a ba ta wani maganin, don a tsare abin da ya rage. Wanda ya tafi kuwa ba ya dawowa, ko a ina, ko a wurin wa. Ta ce da wata huɗu ko biyar da suka wuce muka zo, da wata maganar ake yi.

Muka shiga motar haya muka kama hanyar gida. Ina jira in ji wani abu, kuka ko ihu ko zagi, babu abin da ya zo. Na lura dai direban bai rufe ƙofarsa da kyau ba, tana ta ƙara har muka iso.

Kafin mako ya zagayo labarin ya samu riga. Ga 'yan'uwa da maƙwabta masu zuwa dubiya, Baban Auta ya ce hawan jinin ido ne, kuma gado ne, an ce akwai wani kakana da ya makance da tsufa. Surukata ta ce ai ta faɗa tun farko, baki ne. Wata yayarsa ta ce ƙaddara ba ta da magani, mu gode wa Allah da ya bar ɗaya. Kowa ya kawo abin da zai yafa wa maganar, babu wanda ya ambaci kwalba. Ni ina zuba musu ruwa ina cewa amin.

Da muka keɓe na ce masa, "Me ya sa ka ce ni ce?"

"Haba Malama. Ke in an ce ke ce, faɗa za a yi miki a wuce wurin. Ni in an ce ni ne, shagon za a rufe. Da me za a yi mata aikin? Da me za ku ci? Don ku na yi." Ya share fuska da tafin hannu. "Kuma kina ganin ni ba na jin ciwo? 'Yata ce fa. Wa ya san zai zama haka? Mutum nawa na ba maganin nan suka warke?"

Ya yi kuka ranar, kuka na gaske, har da sheshsheƙa. Na tsaya ina kallonsa. Washegari ƙarfe bakwai ya buɗe shago, na jiyo wani na cewa, "Dakta, ya mai jiki?" shi kuma yana amsawa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Babu wanda ya doki yarinyar nan a gidanmu. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ba ta taɓa zuwa makaranta da yagaggen kaya ba. Uba mai sonta, uwa mai sonta, kaka mai sonta. Mu ukun nan muka zauna wata tara muna kallo, ɗaya na tsare sunansa, ɗaya na tsare ɗanta, ni ina tsare zaman lafiya. Irin wannan cutar ba a jin ƙararta daga maƙwabta, babu mai shigowa rabo. In an yi ta an gama, sai a kira ta ƙaddara a yi addu'a a tashi.

An yi aikin, an tsare ramin makullin. Na dakatar da lesin na wata guda, sannan iyaye suka fara aiko tambaya, na ci gaba. Auta ba ta zama a tabarma yanzu. Tana zama a kujera a ƙarshen baranda, tana saurare, ba ta ɗaga hannu.

Wata yamma bayan yara sun tafi ina goge allo, ta kira ni.

"Mama."

"Na'am."

"In tambaye ki?"

"Tambayi."

"A asibiti, Baba ya ce ke kika sayo maganin a wani kemis."

Na ci gaba da goge wurin da na riga na goge.

"Amma daga durowarsa yake ɗaukowa. Ta biyu daga sama, mai ƙara." Muryarta ba ta rawa, kamar tana karanta jerin kayan aike. "Da bai san maganin ne ya yi min haka ba, da ya ce shi ne ya ba ni, don yana son a san ya iya. Tunda ya ɓoye, ya sani ke nan tun kafin likita ta faɗa."

"Auta, babanki yana sonki."

"Na sani. Ba shi na tambaya ba." Ta gyara hannunta mai ɗauri a cinya. "Ke kuma da ta ce ba ki ga takardar ba, kin ce kin gani. Kuma ranar da kika ce ƙuda ne, ba ƙuda ba ne. Gwada ni kike yi. Da yamman nan kuma kika ɗiga min."

Daga shago ana jiyo muryar babanta yana gaya wa wani a sha bayan an ci abinci. Tsumman goge allon na hannuna, ƙurar alli na zuba a ƙafata. Na nemi abin da zan ce. Duk maganganun da muka yi wata tara muna faɗa wa juna suna nan a bakina, a shirye, babu wadda za ta wuce yarinyar nan.

"Ba faɗa nake yi ba, Mama. So nake in ji ko na gane daidai."

"Kin gane daidai."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Can ta ce, "Ki dawo gabana. A nan ba na ganinki."

Na ajiye tsumman, na zagayo na durƙusa daidai fuskarta. Ta matsar da kanta kaɗan dama, kaɗan hagu, har ta same ni. Idon fari tas, babu ja, babu kwantsa. Ta daɗe tana kallona da ɗan abin da muka bar mata, ni kuma na tsaya a wurin ban kawar da kai ba.